Naman Layya da Cikin Yara

A gidanmu, Babbar Sallah takan fara ne tun daren 9 ga Zulhajji, lokacin da ake yi wa 'yan mata lalle, mu kuma muna zaman jiran tela ya kawo ɗinkin da ya yi alkawarinsa tun makonni biyu da suka wuce. Da safe, bayan an sauko daga Idi, maigida ya yanka rago, yara su kewaye mai fiɗa kamar da su za a yi aikin.

Sai dai cikin ƙaramin yaro ba ya ɗaukar duk abin da idonsa ke so. Bara autana, ɗan shekara uku, ya yini yana karɓar soyayyen nama da alewa da lemon kwalba gida-gida wajen yawon Sallah, kafin magariba zawo ya kama shi. Na dafa ruwa lita ɗaya, na bari ya huce, na zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har gari ya waye muka tafi asibiti.

Bana kowa sai da ya ƙoshi da tuwon shinkafa da miyar taushe kafin ya fita, da gorar ruwansa a hannu. Kakarsu ta ce na cika tsanani, wai Sallah sau ɗaya ce a shekara, kuma na san tana ɓoye musu hanta a ɗakinta. Sauran naman muka soya shi ƙarau muka adana a cikin mai, domin firji ba abin dogaro ba ne a unguwar da wuta take zuwa idan ta ga dama.