Idin Kyandir a shekarar da guguwa ta ɗauke mana wuta

Har yau idan na tuna mutumin da ya karɓi kuɗin cocinmu ya ce zai kawo mana kyandirori kafin ƙarshen Janairun 2025, sai raina ya sake ɓaci. Kuɗin dai sun dawo, amma sai a watan Maris, lokacin da ba za su tsinana mana komai ba. Ni aka ɗora wa alhakin kyandirorin idin a shekarar, a wani ƙaramin cocin Katolika da ke ƙauye a yankin Galway, yammacin ƙasar Ireland, inda nake aikin kula da tsofaffi a gidajensu. A ido aikin ba shi da wuya: ki biya, a kawo, ki raba wa jama'a a bakin ƙofa ranar 2 ga Fabrairu, Fada ya sa albarka, a kunna a shiga coci. Kuma da yake a shekarar ranar ta faɗo Lahadi, mun san za a cika fiye da yadda aka saba.

A Kaduna inda na tashi muna yin wannan idi na miƙa Yesu a Haikali, kwana 40 bayan Kirsimeti, amma galibi yakan zo ya wuce a ranar aiki, ba kowa ke lura ba. A can rana tana fitowa ta faɗi kusan lokaci guda duk shekara. A nan kuwa, a ƙarshen Disamba ƙarfe huɗu na yamma da 'yan mintuna rana ta faɗi, yinin duka bai wuce awa bakwai da rabi ba. Zuwa farkon Fabrairu ya kai kusan awa tara, kuma kowa ka gamu da shi a hanya sai ya ce maka yamma ta fara miƙewa, yana faɗa yana murna.

Da asubar Juma'a 24 ga Janairu guguwar da aka sa wa suna Éowyn ta afka mana. A Mace Head, nan bakin tekun Galway, an auna iska ta haura kilomita 180 a awa ɗaya, mafi ƙarfin da aka taɓa aunawa a tarihin ƙasar. Gidaje da gonaki da wuraren sana'a kimanin 768,000 suka rasa wutar lantarki. Bishiyoyi suka kwanta a kan hanyoyi, turakun wuta suka kakkarye. Ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a wurin wanda ya tashi a Najeriya, amma namu daban ne, don mun shirya masa: akwai fitila, akwai murhu, akwai ruwa a randa. A nan ɗumama ɗaki da girki da turo ruwa zuwa famfo da layin waya duk a kan wuta suke, ga sanyi mai shiga ƙashi, ga dare mai tsawon awa goma sha biyar.

Da na samu layi na kira mai kyandir, sai ya ce kaya sun ƙare. Kayan da muka biya tun farkon wata! A kantuna an kwashe kyandir da batir da tukunyar gas kaf, kuma ba sai an gaya mini inda namu suka tafi ba. Bai ba da haƙuri ba, cewa ya yi in sake kira bayan mako biyu. Bayan mako biyu idi ya wuce.

Abin da ya sauya mini tunani a gidajen tsofaffin da nake zagayawa na gan shi. Wata tsohuwa da ta haura tamanin, mai zama ita kaɗai, na same ta da dogon kyandir mai ruwan ɗorawa a tsakiyar tebur, ya ci rabi. Na ce, "Mama, ina kika samo wannan, ga shi babu ko ɗaya a kanti?" Ta ce, "'Yata, ai na bara ne, wanda aka sa wa albarka. Don irin wannan dare ake ajiye shi." Ta ce tun iska ta fara kuka ta kunna shi ta zauna tana addu'a, kamar yadda mahaifiyarta take yi. Gida na gaba haka, na gaba da shi ma haka. Kusan duk tsohon da na shiga wurinsa yana da ɗaya ko biyu a aljihun tebur, a naɗe cikin takarda. Ana kunna shi idan hadari ya yi tsanani, ana kunna shi idan Fada ya zo shafe mara lafiya da mai, ana kunna shi a gefen wanda ke kan gargara. A da ma kowane gida kan kawo kyandirori coci a ranar, a bar wasu don bagade na tsawon shekara, a koma da sauran gida. Gidajen matasa kuwa, waya ce da cajinta ya ƙare da kyandir mai ƙamshi na ado.

Sai na duba takardar abin da muka saya. Sirara ne, irin waɗanda ake riƙewa a shiga coci, kafin rabin awa sun narke, a jefa guntun a kwando a bakin ƙofa. Shekara da shekaru kwamiti irinsu yake saye saboda araha. Ko da mutumin ya cika alkawari, babu gida ɗaya da za su haskaka wa dare. Wannan bai rage mini haushinsa ba ko kaɗan, sai dai ya nuna mini cewa idin da nake shiryawa ba shi ne wanda tsofaffin nan suka sani ba. Su guzurin shekara suke zuwa ɗauka.

Na je wurin Fada na ce, "Fada, kyandir ba zai zo ba." Ranar Lahadi 26 ga wata, a cocin da babu wuta babu ɗumi, ya sanar cewa kowa ya zo idi da kyandir ɗin da yake da shi, ko guntu ne, a kuma tara mana kwalaben da aka gama amfani da su. A ɗakin ajiyar kayan coci akwai kwali cike da guntayen kyandirorin bagade na shekaru, har da tsofaffin manyan kyandirorin Ista. Da izinin Fada muka narkar da su a kan risho na gas, muka zuba a kwalabe.

Duk mai son yin haka, kada ya ɗora kaki kai tsaye a kan wuta, yana iya kamawa. Tukunya ake sawa a cikin wata tukunyar mai ruwa, a bar shi ya narke a hankali. A ɗumama kwalba kafin a zuba, in ba haka ba a sanyin nan sai ta tsage. Lagwani shi ya fi ba mu wahala. Zaren ɗinki ba ya yi, nutsewa yake cikin kaki ya mutu. Sai zaren auduga mai kauri da aka kitsa, a tsoma shi cikin kaki ya sandare, a ɗaure kansa a tsinke a gitta bakin kwalba har ya daskare. Kakin zuma ya fi daɗewa kuma hayaƙinsa kaɗan ne, shi ya sa tun da can kyandir ɗin bagade da shi aka fi yi. Allah ya sa tsohon da ke kula da ɗakin ajiya ya zare dogaye biyu ya ɓoye kafin mu kai kansu, yana cewa, "Waɗannan na Litinin ne." Ranar 3 ga Fabrairu ake gitta kyandir biyu a wuyan mutum a yi masa addu'ar lafiyar maƙogwaro da sunan Waliyyi Blaise, kuma ba a yin wannan da kwalba.

Daren Juma'a 31 ga wata, jajibirin ranar Waliyyiya Brigid, muka taru a zauren ƙauye, inda aka ajiye janareto don mutane su yi caji su sha shayi mai zafi. Yara suka kawo damin ciyawar fadama, aka zauna saƙar gicciyen Brigid mai hannu huɗu. Ana rataye shi a saman ƙofa don ya tsare gida daga gobara, kuma a makon da kowane ɗaki ke da buɗaɗɗiyar wuta, babu wanda ya ɗauki wannan da wasa. Wasu matan suka ce in sun koma gida za su shanya ƙyalle a waje ya kwana, don albarkar Brigid ta sauka a kansa a riƙa ɗaura wa mara lafiya.

Brigid ta rayu tsakanin ƙarni na 5 da na 6, ita ta kafa gidan sistoci a Kildare, kuma a 2024 aka yi bikin cikarta shekara 1500 da rasuwa. Tun 2023 ake hutun ƙasa domin ranarta ta 1 ga Fabrairu, galibi a Litinin ta farko a watan. A ƙarshen ƙarni na 12, Gerald na Wales ya rubuta cewa a Kildare akwai wutar da ba ta mutuwa: sistoci 19 ne ke gadinta, kowacce da darenta, a dare na 20 sai a zuba itace a bar wa Brigid ta kula da abinta. An kashe wutar a 1220 bisa umarnin babban bishop na Dublin, aka sake hura ta, ta ci gaba har zuwa ƙarni na 16 da aka rufe gidajen ibadar. A 1993 sistocin Brigid suka sake kunna ta a dandalin kasuwar Kildare, kuma suna riƙe da ita har yau. Kafin zuwan Kiristanci kuma, farkon Fabrairu shi ne Imbolc, ɗaya daga ranaku huɗu da suka raba shekarar mutanen Ireland na da, tare da Bealtaine da Lughnasa da Samhain. Lokaci ne da tumaki ke fara haihuwa, nono ya dawo gida bayan watannin cin ajiya. Tsofaffin rubuce-rubuce ma sun ambaci wata allahiya mai suna Brigid, ta mawaƙa da masu magani da maƙera.

Da na ba wata ƙawata ta Zumuntar Mata labarin nan a waya, sai ta ce, "Anya, 'yar'uwa, wannan ba maguzanci ba ne aka sa wa rigar coci?" Tambayar ba ta banza ba ce, kuma na juya ta a raina. Amma idin miƙa Yesu ba daga Ireland ya fito ba. Wata mai ziyarar ibada, Egeria, ta ga ana yin sa a Urushalima a ƙarshen ƙarni na 4, kuma a ƙarshen ƙarni na 7 Fafaroma Sergius ya tsara a riƙa fita jerin gwano a ranar a birnin Rum. Tushensa Littafin Firistoci sura 12 ne da Luka sura 2. Imbolc kuma tushensa gona ce da garke. Hanyoyi biyu ne suka haɗu a mako guda, a ƙasar da duhu ke gajiyar da mutane. Manomin da ya ga rana ta fara daɗewa ya gode wa Allah, washegari ya je coci ya ji yadda tsoho Saminu ya ɗauki jariri Yesu a Haikali ya kira shi hasken al'ummai, ni ban ga laifinsa ba.

Ranar Lahadin cocin ya cika har waje, kuma wutarmu ba ta dawo ba tukuna. A wasu ƙauyuka sai da ta kusa mako uku. Muka taru a farfajiya da guntaye, da kwalabe, da na tsofaffin nan da suka ci rabi. Wani iyali 'yan ƙasar Poland suka zo da ƙaton kyandir mai kaurin damtsen yaro, suka ce su ma a can don tsawa da hadari ake ajiye shi. Daga wuta ɗaya aka kunna, kowa ya miƙa wa na kusa da shi. Iska na kaɗawa, duk wanda ke tsirara a hannu sai da ya mutu aka sake kunnawa, na cikin kwalba kuwa ko gezau. Da na ga haka na ji wani alfahari da ba zan ɓoye ba, don hannunmu ne ya zuba su. Bayan an tashi babu wanda ya jefa komai a kwando. Kowa ya kashe nasa ya sa a aljihu, don da dare zai buƙace shi.

Kyandirorin idin 2026, wanda ya zo daidai da Litinin ɗin hutun Brigid, tun watan Nuwamba muka saya, kuma ba mu biya ko sisi ba sai da kwalayen suka shiga ɗakin ajiya na ƙirga su da hannuna. Wannan sharaɗin ba na sassauta shi ga kowa. Mun daina sayen sirara. Masu kauri muke saye, masu yawan kakin zuma, biyu ga kowane gida, ko da yake kuɗin sun ninka kuma sai da aka kai ruwa rana a kwamiti kafin a yarda. Dogaye biyu na Waliyyi Blaise ana ware su tun ranar da kaya suka iso. Tsofaffin da ba sa iya fitowa mu muke kai musu nasu bayan Fada ya sa albarka, kowanne da kwalba mai faɗin gindi da ba ta kifewa da kwalin ashana mai dogon tsinke. Waɗanda hannunsu ke rawa ko mantuwa ta fara kama su kuwa, muna haɗa musu da tocila da batir, mu roƙi 'ya'yansu kada a kunna kyandir ɗin sai da wani a ɗakin, kuma nesa da labule.