Godiya kan aikin idon autarmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, mun dawo Talata Mafara lafiya daga Kaduna, an sa wa autarmu idon roba, kuma ya zauna daram.

Waɗanda suka san gidanmu sun san tun tana ƙarama kara ya soke ta a gona, idon hagu ya yi fari, daga baya ya shanye. Ciwon ya daɗe da wucewa, bakin mutane ne bai wuce ba. "Mai ido ɗaya" ya zama sunanta a layi. Kullum hijabi a karkace, ta ja gefe guda ta rufe rabin fuska, ko hoto za a ɗauka a gidan biki sai ta sulale kicin.

Da muka tayar da maganar aiki, wasu suka ce ɓarnar kuɗi ce tunda idon ba gani zai yi ba. Gaskiya ne, ba ya gani, likita ma ya faɗa mana tun ranar farko. Amma mai faɗin haka bai taɓa ganin budurwa tana gaishe da baƙo fuskarta na kallon bango ba.

Godiya ta farko ga Kawu, da ya sayar da raguna biyu cikin na Sallah bai shawarci kowa ba. Sai Gwaggo ta Gusau da ta yi jinya, da 'yan ajinmu na sakandare da suka yi karo-karo. Allah ya saka da alheri.

Likitocin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa kuwa, sai addu'a. Bayan tiyata sai da wurin ya warke tukuna, abin da kan ɗauki mako 6 zuwa 8. Mai haɗa idon shi ya fi ba ni mamaki. Ya zaunar da ita gaban taga yana duban idon dama, yana gwada launi, har 'yan jajayen jijiyoyin nan na cikin farin ido sai da ya daidaita. Da aka miƙa mata madubi ba ta ce uffan ba, Inna ce ta fashe da kuka.

Yanzu ta koma Islamiyya, a sahun gaba take zama. An ce ta riƙa sa tabarau don kare mai lafiyar, shi kuma na robar a riƙa kai shi ana goge shi duk shekara.

Iyaye, yaro in ya ji rauni a ido a nufi asibiti a ranar, kada a ɗiga masa ruwan albasa ko na ganye.

Masu zuwa barka muna maraba, amma don Allah a daina cewa ta ciro shi a gani.