Injin zuƙe iska da sanyina na farko a Winnipeg

A watan Janairu sanyin Winnipeg kan kai digiri 25 ko 30 ƙasa da sifili, in kuma iska ta taso sai ka ji kamar ana tsaga maka fuska da reza. Shekarata ta farko ke nan a Kanada, ba mota, ba iyali, ga aikin dare a wani ɗakin ajiye kaya. Mahaucin da nake sayen nama a wurinsa sai na hau bas biyu kafin in isa. Wanda ya taɓa tsayuwar minti 20 a tashar bas cikin wannan sanyi ba sai an ce masa ya rage fita cefane ba. Sai na koma saye da yawa: kilo 6 ko 7 a tafiya ɗaya, in kasa shi a ledoji, in ƙulle bakinsu, in jefa firiza.

Bayan kamar mako 6 na ciro ƙulli ɗaya, na tarar naman ya yi dabbare-dabbare fari da toka-toka, gefensa ya bushe kamar tsohuwar fata, cikin ledar kuma cike da garin ƙanƙara. Na ɗauka ruɓewa ya yi, na zubar da ƙulli uku raina a ɓace. Da na ba wani dattijo da muke aiki tare labari, ɗan asalin Filifin da ya fi shekara 30 a garin, sai ya kama kai.

"Yaro, ka zubar da kuɗinka a banza," in ji shi. "Naman nan lafiyarsa lau. Iska ce ta cinye shi."

Ya yi mini bayani muna shan shayin tsakar dare. Iskar cikin firiza busasshiya ce, tana jan ruwan da ya daskare a jikin nama ya fita a matsayin tururi ba tare da ya narke ba. Wurin da ruwan ya bari shi ke bushewa, iskar kuma ta shiga kitsen ta canza masa ɗanɗano. Ba ya sa ciwo, amma in ka dafa shi kamar kana tauna igiya. Maganinsa kada a bar iska tsakanin nama da leda.

Injin da ke zuƙe iska daga leda iri biyu ne a kasuwa. Akwai babba mai akwati, wanda ake sa ledar gaba ɗaya a ciki a rufe murfi, shi ne mahauta da gidajen abinci ke amfani da shi, ga nauyi ga tsada. Akwai kuma na gida, dogo siriri, wanda bakin leda kawai ake cusa masa, ya zuƙe iskar, sannan wata waya mai zafi ta narka bakin ta liƙe shi. Wani abokina da ke Jamus ya so aiko mini nasa, Allah ya sa na tambaya tukuna: wutar gidajen Kanada bolt 120 ce, ta Turai 230, da ya zo sai dai in ajiye shi ado. Na sayi ƙarami a nan.

Abin da ba a gaya maka a kanti shi ne ledar ce ke cin kuɗi, ba injin ba. Ba kowace leda yake karɓa ba. Tasa tana da ƙananan zane a gefe ɗaya kamar saƙar zuma, ta nan iska ke bi ta fita. Don tsimi na gwada leda mai santsi, injin ya yi ta gurnani, bakin ledar ya manne tun kafin iska ta fita, ba abin da ya zuƙa. Na dawo kan hanya, na riƙa sayen naɗi ina yanka daidai buƙata, in bar kamar santimita 8 a sama don bakin ya samu wurin liƙewa. Ƙashi mai tsini kuwa sai na naɗe shi da takardar goge hannu, in ba haka ba ya huda ledar, bayan kwana biyu ka ga ta saki jiki.

Babban wautata ita ce ranar da na ce bari in liƙe romo. Ina danna maɓalli sai ga romon yana hawa ta cikin zanen ledar, kafin in tsayar ya cika ɗan kwalbatin injin ya malalo kan teburi. Na kwana ina goge maiƙo da tsinken auduga. Tun daga ranar duk abu mai ruwa sai na fara daskarar da shi a roba, ya zama dunƙule, sannan in liƙe. Burodi ma haka, in ba a daskarar da shi ba injin zai matse shi ya koma kamar faifai.

Duk waɗannan asarar leda ce da ɓata lokaci. Darasin da ya fi nauyi kifi ne ya kawo shi. Dattijon nan yana zuwa kamun kifi a Tafkin Winnipeg idan ya daskare, su huda ƙanƙara su zura ƙugiya. Ya kawo mini kifi huɗu a liƙe, ya riƙe hannuna ya ce in zan narkar da su in fara yanka ledar tukuna, kada in bar su su narke a rufe. Na tambaye shi dalili, don ni a lokacin gani nake duk abin da aka cire wa iska ya gama tsira. Har na taɓa barin dafaffen nama a liƙe kan teburi yini guda, na ci, Allah ya tsare.

Ashe akwai ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum da ba ta son iska ko kaɗan, rashin iskar ne ma ke ba ta damar tsiro ta fitar da guba mai shanye jijiyoyi. Nau'inta da ake samu a kifi yana iya aiki ko a sanyin digiri 3 zuwa 4, wato kusan sanyin firij. Gubar kuma ba lallai ta canza wari ko kamannin abinci ba. Iska kawai injin yake cirewa, sanyi ne ke tsare abinci: firij a digiri 4 ko ƙasa, firiza a 18 ƙasa da sifili. Saboda wannan ƙwayar ba na liƙe ɗanyar tafarnuwa. Kabeji da danginsa kuwa iska suke fitarwa da kansu har leda ta kumbura, sai an tsoma su a tafasasshen ruwa na minti 2 ko 3, an sanyaya, an tsane, kafin a liƙe a daskarar.

Da uwargida ta iso a shekara ta biyu, abin da ta fara buɗewa a kicin firiza ne. Ta ga fakiti a jere kamar littattafai, kowanne da kwanan wata da baƙin alƙalami. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya.

"Maigida, kai da ko ruwan zafi ba ka dafawa, wa ya koya maka wannan?"

Na ce sanyi ne. Ta karanta kwanan watan, ta ga wata 8 ke nan, ta ce ita ba za ta ci naman da ya kusa shekara ba. Na yanka ledar na sa shi a kwano cikin firij ya kwana. Washegari ta dafa shi, ta ɗanɗana, ba ta ce komai ba. Da yamma na ji injin yana gurnani a kicin, tana tambayata inda na ajiye alƙalamin.