Abin da littafin kuɗin gidan reno ya koya mini

Shekara uku ina riƙe da littafin kuɗi a wani ƙaramin gidan renon yara a Kaduna. Da na fara, ni ma ina ganin masu irin wannan sana'a kuɗi kawai suke kwasa. Ban yi wata biyu ba na gane ba haka ba ne. In an fitar da haya, ruwa, gas da man janareta, ɗan abin da ya rage shi ake raba wa masu reno.

Akwai wata dattijuwa da muke kira Inna. Bakwai saura take isowa, ba ta tashi sai uwar ƙarshe ta zo ɗaukar ɗanta. Sai ka same ta da goyo a baya, wani a cinya tana ba shi kunu da cokali, tana lallashin na uku da baki. Daga tsakar gida take bambance kukan yunwa da na jiƙar kunzugu. Wallahi wannan ilimi ne, ko da babu takardar shaida.

Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin keke ya fara cinye albashinta. A Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000, nata ko rabi bai kai ba. Dokar kuma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, mu kuwa ko goma ba mu cika ba. Ni na matsa wa mai wurin lamba har aka ƙara kuɗin reno.

A makon ne wata malamar makarantar kuɗi ta tsaya a gaban teburina, jaririnta a kafaɗa. Ta ce, "Anti, ki duba mini don Allah. In na biya wannan, me na fito nema?" Ma'aikatan gwamnatin Kaduna suna da hutun haihuwa na wata shida, ita kuwa mako 12 na dokar ƙwadago ta samu, da rabin albashi. Ta cire ɗanta, aka kawo mata yarinya daga ƙauye, wadda ita kanta aji ya kamata a ce tana zaune. Har yau abin yana ci mini rai.

A nan na fahimci aljihu ɗaya muke ta juyawa tsakanin mata biyu da ba su da shi. Gyaran yana hannun masu cin moriyar aikin iyayen: makarantu, bankuna, asibitoci da ma'aikatu su ware ɗakin reno, su ɗauki wani kaso na albashin mai renon, gwamnati ma ta sa nata.

Ƙarin da Inna ta samu a kuɗin keke ya ƙare. Ta daɗe tana tambayata, "'Yar nan, ina yaron malama? Allah ya sa yarinyar ta iya dama masa kunu."