Danya: Muna Sare Ta Domin Turmi, Wasu Suna Cin Arzikin Ƙwallonta

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Jigawa, tsakanin Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, ya san danya, ko da bai taɓa yi mata kallon dukiya ba. Bishiya ce mai kauri da ɓawo toka-toka, wadda take kakkaɓe ganyenta ƙaf a lokacin rani, sannan ta yi 'ya'ya idan bazara ta tsananta. 'Ya'yan nan, wato nunu, suna faɗowa tun suna kore, sai su ƙarasa nuna a ƙasa cikin 'yan kwanaki har su koma ruwan ɗorawa. Yara da makiyaya suna huda ɓawon su tsotse ruwan mai tsami da zaƙi, su jefar da ƙwallon, abin da ya rage kuma ya zama rabon awaki. A mafi yawan garuruwanmu iyakar hulɗarmu da nunu ke nan.

Masana tsirrai suna kiranta Sclerocarya birrea, kuma dangin mangwaro da kashu ce. Ta bazu daga Senegal har zuwa Habasha, ta gangara kudancin Afirka, inda aka fi saninta da sunan marula. A can ne mutum zai ga inda aka ɗauke ta da muhimmanci. A Afirka ta Kudu tana cikin itatuwan da doka ta hana sarewa ba tare da izini ba. A arewacin Namibiya akwai bikin shekara-shekara na lokacin nunarta, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2015. Gaskiya ne cewa babban abin da ya fito da sunanta a duniya shi ne barasa, musamman Amarula da aka fara sayarwa a 1989, kuma wannan hanya ba tamu ba ce a matsayinmu na Musulmi. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa amfanin bishiyar ya ƙare a nan.

Ruwan nunu yana ɗauke da sinadarin bitamin C da ya ninka na lemon zaƙi, kuma yana zuwa ne a watannin da kayan marmari suka yi ƙaranci a karkara. Ana iya matse shi a tace a sha, ko a dafa shi da sukari ya yi kauri a adana. Amma a ganina asalin dukiyar tana cikin ƙwallon da muke jefarwa. Kowane ƙwallo yana da ɗakuna biyu ko uku, kowanne da ɗan murfinsa, a ciki kuma akwai ƙwaya mai maiƙo da ake ci kamar gyaɗa. Fiye da rabin nauyin ƙwayar mai ne, kuma man yana daɗewa bai canza wari ba, abin da ya sa kamfanonin man shafawa na Turai suke nemansa. Matan garin Ondangwa da kewaye a Namibiya sun haɗu a ƙungiyar Eudafano, suna fasa ƙwallon a gidajensu, ana matse man a masana'antarsu, ana fitar da shi waje. Aikin yana da wahala, domin ƙwallon taurin dutse gare shi kuma sai da haƙuri ake ciro ƙwayar ba ta farfashe ba, amma matan da suka saba da dakan kalwa da fasa ƙwallon aduwa ba za su ga wani baƙon abu a ciki ba.

Mu kuwa jikin bishiyar muka fi sani. Masassaƙa suna son danya saboda tana da sauƙin sassaƙa, da ita ake yin turmi da akushi da kujerar tsugunno, masu maganin gargajiya kuma suna saɓar ɓawonta domin ciwon ciki da gudawa har wani lokaci su yi mata zobe ta bushe. Turmi ɗaya kuɗinsa sau ɗaya ake karɓa, alhali bishiyar da aka sare ta shafe shekaru masu yawa kafin ta kai wannan kaurin.

Akwai kuma wani abu da manoma da yawa ba su lura da shi ba. Danya tana da mace da namiji a bishiyoyi daban-daban, macen ce take 'ya'ya, namijin kuma furensa ne ƙudan zuma da sauran ƙwari suke ɗaukar garinsa su kai mata. Manomin da ya ga danyar da ba ta taɓa haihuwa ba a gonarsa yakan ce ba ta da amfani, ya kira mai gatari, ba tare da sanin cewa yana rage yabanyar ta maƙwabcinsa ba.

Mayar da ita gona bai kai wahalar da ake zato ba. Reshe mai kauri da aka yanko daga macen da aka san daɗin 'ya'yanta yana iya kamawa idan aka kafa shi a ƙasa, kuma ta haka manomi ya san tun farko abin da ya dasa. Manoman yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun daɗe suna barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa gyara maimakon su ƙone shi lokacin sharar gona, kuma danya tana cikin itatuwan da suke tohowa daga kututture idan aka kare su daga bakin awaki a shekarun farko.