Godiya ga waɗanda suka kai min Yaya Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki, na Makka da na Jidda da na gida Najeriya.

Kwana huɗu ke nan da dawowarmu, sai yau zuciyata ta kwanta har na iya zama in rubuta. Ranar Asabar, 2 ga Disamba 2023, ni da yayana mun zauna a ɗaki ɗaya da Will Smith a Jidda, a zaman hirar da aka yi da shi cikin Bikin Finafinai na Bahar Maliya. Wanda bai san gidanmu ba zai ce to sai me, ba ɗan fim ba ne kawai? Ku yi haƙuri da ni kaɗan, domin godiyar ba za ta shiga kunne ba sai na faɗi inda abin ya samo asali.

A Shara Mansur da ke Makka aka haife mu. Kakanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya ratsa Sudan, ya yi Hajji ya zauna. Muna yara babu gidan silima ko ɗaya a ƙasar nan. An rufe su tun farkon shekarun 1980, ba a sake buɗewa ba sai a Afrilun 2018 a Riyad, Jidda kuwa sai Janairun 2019. Silimarmu ita ce bidiyon kaset da talabijin a saman soro, daren Alhamis, lokacin da hutun mako yake Alhamis da Juma'a. Yaya kaɗai aka tura Kano wajen Kawu ya yi sakandare, shi ya dawo mana da Turanci a bakinsa. Yaran layinmu kaf sai su hallara, ya zauna gaban akwatin da rimot a hannu, a yi magana ya tsayar, ya juya mana da Hausa, har da kwaikwayon murya. Ya fi son finafinan ƙagaggen kimiyya, na sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi, waɗanda Hajiya take kira aljanun sama.

A nan muka ga Independence Day na 1996, muka ga Men in Black na 1997. Ba zan manta ihun da muka yi ba ranar da Will Smith, baƙin mutum, matuƙin jirgin yaƙi, ya buɗe kumbon nan ya zabga wa halittar naushi. Mu yaran da ake kira Takari a kan titi, wani da wasa wani da raini, mun ga mai launin fatarmu shi ne gaba wajen ceton duniya. Yaya bai taɓa kiransa da sunansa ba, “namu” yake ce masa.

Shekara biyu da suka wuce Allah ya jarrabci Yaya da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka ƙi, harshe ya yi nauyi. Likitoci sun ce maganar za ta iya dawowa in ya dage da gwadawa, amma mutumin da unguwa ta sani da baki sai ya ji kunyar a ji shi yana in'ina, ya kama bakinsa ya yi shiru. Gashin ƙashin ma ya daina zuwa. Abu ɗaya yake nema da yatsa, a kunna masa I Am Legend, fim ɗin Will Smith na 2007. Ga wanda bai gani ba, labarin wani likitan soja ne mai binciken ƙwayoyin cuta, da annoba ta share mutanen Niyok ta bar shi daga shi sai karyarsa, kullum yana cigiya a rediyo ko akwai sauran mai rai ya zo ya same shi da tsakar rana. A ƙarshe ya tayar da gurneti ya mutu domin maganin da ya gano ya tsira. Na ƙi jinin ganin Yaya yana kallon wannan ƙarshen. Na san abin da yake gani a ciki, shi ma ya san na sani.

To ga waɗanda nake bin sawunsu da godiya.

Ɗiyar yayata, wadda take karatu a Jidda, ita ta ga sanarwar a wayarta, ta kira ni da daddare tana haki: “Kawu, mutumin Baba Babba zai zo!” Ita ta yi ta fama da intanet har ta samo mana tikiti, da kuɗin da take tarawa na sayen sabuwar waya. Na ce zan biya ta, ta ce in na sake maganar za ta kai ƙarata wajen Hajiya. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki fiye da haka.

Hajiya da farko ba ta yarda ba. Ta ce, “Auta, mutum na kwance ba lafiya, maimakon ka kai shi Harami ya sha zamzam, sai wajen 'yan wasa?” Na ce Hajiya ai Harami duk Juma'a muna kai shi. Ta yi shiru, ta leƙa ɗakin, ta tarar ya jawo akwati da hannun hagu yana neman farar jallabiyarsa da kansa, abin da bai yi ba tun da ya kwanta. Ita da ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne, sai ta juyo ta ce min, “Ku tafi da yayan naku, Allah ya tsare hanya.” Ita ta goge jallabiyar da hannunta. Hajiya, ba ni da bakin gode miki.

Mai shagon da nake ɗinki, ga aiki ya yi yawa, ya ba ni yini guda bai cire ko riyal ɗaya ba. Maƙwabcinmu Malam ya kwance kujerar bayan motarsa don keken Yaya ya shiga, ya ja mu da kansa, man ma ya ƙi karɓa.

Sai bawan Allahn da ban ma tambayi sunansa ba. Mun wuce Bahra kaɗan taya ta fashe, jak ɗin Malam ya ƙi ɗagawa, lokaci na tafiya, ina kallon fuskar Yaya tana sauyawa. Wata motar ɗaukar kaya ta tsaya. Ya yi sallama da Larabci, da ya ji mu sai ya juye Hausa tsantsa, ashe Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno. Ya kwanta a kan kwalta da kayansa ya canza tayar. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna, ya ce in dai yi wa ƙasarsu addu'a, tun watan Afrilu suke cikin yaƙi, rabon da ya ji muryar mahaifiyarsa an kwana biyu. Ɗan uwa, in wannan rubutu ya iske ka, mun yi kuma muna kan yi. Duk wanda ya karanta ya taya mu, Allah ya kashe wutar Sudan.

A Red Sea Mall, can arewacin Jidda, inda aka yi zaman, wata yarinya cikin masu taimaka wa baƙi ta hango mu da keke a cikin cunkoso, ta buɗa mana hanya, ta samar wa Yaya wurin da zai gani sosai, ni a gefensa. Da shi take magana kai tsaye, ba ta tsallake shi ta tambaye ni ba kamar yadda mutane suka saba yi wa mai keke. Wannan kaɗai ya isa in gode mata.

Da jarumin ya shigo ɗakin ya ɗauki tafi. Turancina ba ya kai ni nesa, ina dai kama kalma nan da can. Na fahimci ya yi maganar shahara da yadda take wahalar da mai ita, ya kuma amsa da bakinsa cewa ya tafka kurakurai da yawa. Kowa a wurin ya san marin da ya yi a bikin Oscar na 2022. Ni ban taɓa ba shi gaskiya a kan wannan ba, har gobe, amma ina ganin girman mutumin da zai zauna gaban jama'a ya ce ya yi kuskure.

Can sai na ji ya ambaci I Am Legend, ya ambaci jarumin fim Michael B. Jordan, mutane suka yi sowa. Ban gane ba. Sai na ji hannun hagun Yaya ya damƙi gwiwata. Ya sunkuyo kusa da kunnena, harshe na sarƙewa, ya ce, “Auta... bai mutu ba.” Na ce Yaya wa? Ya ce, “Namu. Za a yi na biyu.” Ya yi ta kokawa da kalmomi, ɗaya bayan ɗaya, har ya fahimtar da ni: fim ɗin ƙarshe biyu gare shi, wanda aka nuna a silima likitan ya mutu, wanda ke cikin faifan DVD ya rayu, kuma a kan wannan na biyun za a ɗora ci gaban. Daga nan bai tsaya ba. Duk abin da mutumin ya faɗa sai ya juyo ya ba ni da Hausa, rabi na ji rabi ya ɓace, yawu na zuba ina share masa da gefen hiramina, shi ko a jikinsa. Shekara biyu ban ji jimla uku a jere daga bakinsa ba. Na kifa kai na yi kuka, wani Balarabe a bayana yana bubbuga kafaɗata bai san dalili ba. Shi ma na gode masa.

Ba mu samu gaisawa da Will Smith ba, ba mu ɗauki hoto da shi ba, ban kuma ji an rage min komai ba. Bai san da mu ba, amma ina gode masa.

A hanyar dawowa Malam ya tsaya ya saya mana soyayyar kazar Albaik, Yaya ya ci da hannunsa. Muna shiga gida Hajiya ta tambaye ni yadda aka yi, shi ya riga ni amsawa. Jiya da safe kuma ya ce a mayar da sunansa wajen gashi, ranar Litinin za mu fara komawa, ku sa mu a addu'a.

Saura roƙo ɗaya. Ya sa ni neman faifan nan mai ɗaya ƙarshen, na zaga shagunan da na sani ban samu ba. Duk wanda yake da shi a Makka ko Jidda, ko aro ne, ya yi min magana, zan zo har gida in karɓa.