Yadda na yi kiwon tsutsar masara har ta zama faɗa-wuta kafin in ce ga sunanta

Aikina malamin gona ne nan Maradi, kuma a shekarun da baƙuwar tsutsar nan ta fara shiga masara wajen fadamar Gulbi da Jiratawa kusan kullum sai wani ya kawo mani ita cikin leda ko gwangwanin tumatir yana tambaya mi ne ne wannan. Wani dattijo da nake zuwa garkarsa ya ce mani, malam ni na girmi tsutsar kara, na san murzuna ta hatsi, amma wagga ban taɓa ganinta ba, tana shiga can cikin zuciyar masara ta bar kashi kamar dussa. Na ce Baba ba ni lokaci, ba zan ce maka ga sunanta ba sai na ga uwarta.

Dalili kuwa tsutsotsin danginta, da masana ke ce ma Spodoptera, suna kama da juna sosai, akwai exempta da ke cin ciyawa da hatsi garke-garke, akwai littoralis mai cin auduga da kayan garka, idan suna ƙanana duka kore-kore ne. Sai ta girma ake ganin alamomi biyu, a kanta akwai zane fari-fari mai siffar harafin Y a kife, sannan can wajen wutsiya ɗigo huɗu baƙaƙe sun tsaya kusurwa huɗu. Na gani da gilashin ƙara girma na hannu, amma ni hankalina bai kwanta da tsutsa kaɗai ba, don littattafan da ake rarrabe waɗannan ƙwari da su yawanci da babba suke aiki, wato faɗa-wutar da tsutsar ke zama.

To sai kiwo. Abu na farko da wagga tsutsa ta koya mani shi ne suna cinye junansu, in ka haɗa manya biyar a kwalba guda da safe ɗaya za ka tarar ta yi ƙiba. Kowace da nata kofin roba, in rufe da ƙyallen gidan sauro, in sa danyen ganyen masara kullum in kwashe kashin don kar ya yi hunhuna, a ƙasan kofin kuma in zuba rairayi mai ɗan laima saboda a cikin ƙasa take shiga ta zama ƙwanso ja-ja. Kofunan a kan tire na jera su na zuba ruwa ƙasa, in ba haka ba cinnaka da kiyashi ba su barin ko ɗaya. Da zafin nan namu sati ɗaya da ƴan kwanaki ƙwanson ke yi ya fashe, duka rayuwarta daga ƙwai zuwa babba wata guda ne kusan.

Ranar da sunka fara fitowa wallahi na ji daɗi ƙwarai. Namijin yana da ado, toka-toka da ruwan ƙasa da farin tabo a bakin fiffiken gaba, macen kuwa dishi-dishi take ba wani zane, fiffiken baya na dukkansu fari mai baƙin gefe. Faɗin fiffike santimita 3 zuwa 4. In da macen kaɗai na kama jikin ampul da dare da ban isa in ce komi ba, akwai faɗa-wuta barkatai masu irin wannan kala.

Na sa su firiza sunka mutu, na soke su da siririyar allura ta tsakiyar ƙirji, na baje fiffiken a kan farin soson nan da ake sako talabijin a ciki na danne da takarda har sunka bushe. Hannu ba ya taɓa fiffike, garin nan da ke manne maka a yatsa shi ne zanen, in ya goge shi ke nan. Kowace da ƴar takardarta, gari, gona, kwanan wata, shukar da anka same ta a kai, da fensir nake rubutawa don alkol yana wanke biro. Ina nanata ma yaran da ke zuwa koyon aiki wannan, ƙwaron da ba takarda jikinsa ba shaida ba ne ko ya kai mi kyau.

Sauran aikin ya fi ƙarfin kayana, sai na kai ma wani masanin ƙwari. Ya cire cikin namijin ya jiƙa a ruwan wani sinadari da ake ce ma KOH har naman ya narke, ya buɗe al'aurar ƙarƙashin mikroskop ya kwatanta da zanen littafi, don a nan ne jinsi da jinsi ke bambanta ko da fiffike ya zo ɗaya. Ya kuma nuna mani yadda ake cire ƙafa guda a sa a alkol mai ƙarfi in za a yi gwajin DNA, wani yanki na ƙwayar gado da ake ce ma COI mai harufa 658 ake karantawa a gwada da na ma'ajiyar bayanan DNA ta BOLD da ke Kanada. Amsa ta fito Spodoptera frugiperda.

Mu ce baƙuwa a wajenmu, ga ilimi tsohuwa ce, tun 1797 J. E. Smith ya yi bayaninta, asalinta nahiyar Amurka, kuma a farkon 2016 anka fara tabbatar da ita a Afirka, Najeriya da Benin da Togo da Sao Tome. Da a ce ba ta dace da kowane jinsi da anka sani ba, sai an duba na gidajen ajiya, a ware guda ɗaya ta zama ita ce ma'aunin sunan, a buga cikakken bayani bisa ICZN, ƙa'idar duniya ta sa ma dabbobi da ƙwari suna, sannan suna ya tabbata.

Na koma wajen Baba da akwatin na nuna masa mace da namiji, munka shiga gona munka rinƙa juya ganye har munka samu tarin ƙwai da gashi-gashi a kai, ɗari zuwa ɗari biyu a wuri guda, ya murje da yatsa. Na ce masa feshi da rana tsaka asarar kuɗi ne tunda tana ɓoye cikin zuciyar shuka, sai sassafe ko da marece, kuma tun tana ƙarama. Jikokinsa biyu ya sa aikin duba ganyen kowace safiya kafin su tafi lakwal.